Baki Ya Buɗe, Hira Ta Gagara: Tambayoyi da Amsoshi kan Lalurar Sadarwar Zamantakewa a Yara da Manya

Akwai yaron da bakinsa ya buɗe ras, har wani lokaci ya fi sa'o'insa iya jera zance, amma da zarar ya shiga cikin yara sai hira ta wargaje. Ya katse wannan, ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, aka yi barkwanci kowa ya fashe da dariya shi kuwa ya yi tsuru ko ya fusata. Hukuncin da aka saba yanke masa bai wuce uku ba: ba shi da tarbiyya, ya cika surutu, ko kuma haka halinsa yake. Wasu daga cikin irin waɗannan yara lalura gare su wadda masana suka sani, kuma suna girma da ita. Ga tambayoyin da iyaye da malamai, da manyan da suka fara zargin kansu, suka fi yi a kanta.

Mece ce lalurar sadarwar zamantakewa?

Magana hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne kalmomi da nahawu da furuci: sanin sunan abu, haɗa jimla daidai, fitar da sauti yadda za a ji. Hawa na biyu shi ne sanin yadda ake tafiyar da waɗannan kalmomi a tsakanin mutane: yaushe za ka sa baki, yaushe za ka yi shiru, me mai saurarenka ya riga ya sani, me yake nufi da abin da bai furta ba. Mai wannan lalura a hawa na biyu yake tuntuɓe. Yakan san kalmar sarai, abin da ke kuɓuce masa shi ne nufin da aka ɗora mata a wannan wuri da wannan lokaci.

Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya. Ba taɓin hankali ba ce, kuma ba ta nuna ƙarancin basira. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta ba ta gurbi nata na kanta a shekarar 2013, a bugu na biyar na kundinta da ake kira DSM-5.

Waɗanne alamomi ne likitoci ke dubawa?

Kundin ya zayyana fannoni huɗu, kuma sai an ga matsala mai ɗorewa a dukkansu.

Na farko, amfani da magana don hulɗa kawai: gaisuwa, sallama, ba da labarin abin da ya faru da kai, tambayar wani yadda ya kwana. Mai lalurar kan faɗo cikin zance kai tsaye ba tare da share fage ba, ko ya tashi ya tafi ana tsakiyar magana domin shi a wajensa an gama.

Na biyu, sauya salo gwargwadon wuri da mai sauraro. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to shi rawarsa ɗaya ce. Yadda zai yi wa abokinsa magana a filin wasa haka zai yi wa shugaban makaranta, ko kuma akasin haka: ya riƙa yi wa ƙaninsa ɗan shekara uku bayani kamar mai karanta labarai a rediyo.

Na uku, ƙa'idojin hira da ba da labari. Jiran layinka, tsayawa kan batu, sake fasalin magana idan ka ga ba a gane ba, lura da gyaɗa kai ko yamutsa fuska. A nan ne iyaye suka fi saurin ganewa. Yaro ya dawo daga makaranta da ɗoki: "Shi ne ya ɗauke, sai ta ce a'a, sai ya faɗi a can, shi ke nan aka kira shi." Uwa ta ce, "Wa ya ɗauke? Me aka ɗauke?" Sai ya maimaita jimlar nan daidai yadda ya faɗe ta, da ƙarfi a wannan karon, har ransa ya soma ɓaci. A ganinsa abin da ke cikin kansa yana cikin kan mahaifiyarsa ma. Bai lura cewa ba ta wurin ba.

Na huɗu, gane abin da ba a faɗa ƙarara ba: karin magana, habaici, gatse, ba'a, kalma mai harshen damo. Ka ce masa "kama bakinka", ya sa hannu ya riƙe leɓensa. Ka ce za ka ja masa kunne, ya toshe kunnuwansa da tafin hannu. Ya kifar da kofi ka ce "Ka kyauta!", ya yi murmushi yana jin an yaba masa. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Babanka na nan?", ya ce "Eh", ya tsaya yana kallon baƙon, domin tambaya aka yi masa kuma ya amsa. Ba wanda ya ce masa ya je ya kira.

Bayan waɗannan huɗu akwai sharuɗɗa: dole matsalar ta zama tana kawo cikas na gaske a abota, karatu ko aiki, ta samo asali tun ƙuruciya, sannan ba wata lalura da ta fi bayyana ta.

Ɗana shekararsa uku, yana yin kusan duk abin da kuka lissafa. In damu?

Ɗan shekara uku da ya ɗauki gatse a matsayin yabo yana yin abin da ya dace da shekarunsa ne. Yara ba sa fara fahimtar cewa wani na iya sanin abin da su ba su sani ba, ko ya yi zaton abin da ba haka yake ba, sai wajen shekara huɗu zuwa biyar. Gane gatse da habaici kuwa yana zuwa a hankali cikin shekarun firamare. Shi ya sa da wuya a tabbatar da wannan lalura kafin shekara 4. Sai harshe ya yi ƙwari sannan a iya ganin yadda ake amfani da shi.

Abin da ya kamata ki sa wa ido a wannan shekaru daban ne. Yana waiwayowa idan an kira sunansa? Yana nuna miki abu da yatsa don ku gani tare, ba don ki miƙo masa kawai ba? Yawancin yara suna fara wannan nuni wajen cikarsu shekara ɗaya. Yana kawo miki abin wasansa ya nuna miki? Yana wasan kwaikwayo, kamar ya ɗauki cokali ya mayar da shi waya? Idan waɗannan babu su, kada ki jira ya cika huɗu. Ki kai shi wurin likitan yara yanzu, a fara da gwajin ji.

A makaranta da lokacin balaga yaya take bayyana?

A firamare za ka ga yaro mai son abokai amma abotarsa ba ta daɗewa. Yakan shiga wasa ba tare da ya gane ƙa'idar da yara suka ƙulla a tsakaninsu ba, ko ya dage kan ƙa'ida bayan kowa ya saki. Karatunsa a baki lafiya lau, amma idan aka ce, "Me ya sa yarinyar cikin labarin ta yi shiru?", sai ya ce ai ba a rubuta ba. Tambayar da amsarta ke kwance a shafi ba ta ba shi wahala. Wadda sai an haɗa wannan da wancan an hango ita ce ke kayar da shi.

Mai sauƙin lalura yakan tsallake firamare ba a lura ba, sai lokacin balaga abin ya fito fili, domin a nan hira ke komawa ta zolaya da shaguɓe da kallon gefen ido. Matasa suna magana da rabin kalma. Wanda ke buƙatar cikakkiyar jimla sai a bar shi a baya, ko a mayar da shi abin dariya ba tare da ya sani ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda abokan banza ke tura shi ya yi abin kunya yana zaton sun karɓe shi ne.

Wannan ai otizim ne kuke kwatantawa, ko ba haka ba?

Suna kama sosai, kuma tambayar tana kan hanya. Otizim yana da ƙafa biyu. Ƙafa ta farko ita ce wahalar sadarwa da mu'amala, kusan irin wadda aka bayyana a sama. Ƙafa ta biyu ita ce ɗabi'u masu maimaituwa da ƙuntataccen sha'awa, kuma kashi huɗu ne: maimaita motsi ko kalma, kamar kaɗa hannu ko jera kaya a layi, dagewa kan tsari guda har ƙaramin sauyi ya tayar da hankali, nutsewa cikin sha'awar abu ɗaya fiye da kima, da jin ƙara, haske, ƙamshi ko taɓawa fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko ƙasa da haka. Sai an sami aƙalla biyu daga cikin huɗun nan kafin a ce otizim ne.

Lalurar sadarwar zamantakewa ƙafa ta farko ce kawai. Kuma ƙa'ida ta ce ba a haɗa sunayen biyu a kan mutum ɗaya: sai an duba otizim an tabbatar babu shi sannan a kira wannan. Wurin da ake yawan kuskure shi ne tarihi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu mai yiwuwa ya daina jera motocin wasa da toshe kunne idan an kunna injin, amma idan ya yi su yana ɗan shekara uku, ana lissafa su. Saboda haka likita mai kyau zai tsawaita tambaya kan ƙuruciya har ki ƙosa.

Wani abu kuma: a shekarar 2013 ɗin nan aka cire sunan Asperger, wata lalura mai kama da otizim da a da ake lissafa ta daban, daga kundin DSM-5 aka narkar da shi cikin otizim. Wanda aka riga aka tabbatar masa da Asperger kafin lokacin, ƙarƙashin otizim ya koma, ba ƙarƙashin wannan lalura ba.

To yaya za a raba ta da kunya ko tsoron shiga mutane?

Mai kunya ya iya, tsoro ne ke ɗaure masa harshe. Ki bar shi da wanda ya saba da shi, za ki ji hira mai daɗi da barkwanci da gane shaguɓe. Mai wannan lalura ko a ɗakin mahaifiyarsa labarinsa ba kai ba gindi. Sai dai shekaru na shan dariya da kora suna iya haifar masa da tsoron mutane daga baya, sai a tarar da duka biyun.

Malaminsa ya ce rashin natsuwa ne kawai, irin wanda ake kira ADHD.

Yana iya yiwuwa, kuma sau da yawa lalurorin biyu suna zuwa tare. Bambancin yana fitowa idan aka zauna da yaron cikin natsuwa. Mai ADHD ya san bai kamata ya katse babba ba, zumuɗi ne ya riga shi. Ka tambaye shi daga baya zai gaya maka inda ya yi kuskure, har ya ji kunya. Ɗayan kuwa zai dube ka da mamaki na gaskiya, domin bai ga inda layin yake ba balle ya san ya tsallake shi.

Laifinmu ne? Surukata ta ce mun sangarta shi.

A'a. Sangartaccen yaro ya san abin da ake so ya ƙi yi, kuma za ki ga yana zaɓen wanda zai yi wa. Wannan ba ya zaɓe: malami, kaka, baƙo, abokin da yake matuƙar so, duka haka yake musu, kuma shi ne ke kwana da asarar.

Gado yana da hannu. An fi samun lalurar a dangin da ke da tarihin otizim, jinkirin magana ko wahalar koyon karatu da rubutu. Sau da yawa ana cikin yi wa iyaye bayani sai ɗayansu ya yi shiru, can ya ce, "Ai ni ma haka nake." Tashi da harshe biyu ko uku a gida ba ya jawo ta, don haka kada a hana yaro harshen iyayensa da sunan magani. Allurar rigakafi ma ba ruwanta. Rahoton da ya haddasa jita-jitar cewa rigakafi na jawo otizim a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Yawan kallon waya kuwa yana cinye lokacin da yaro zai yi hira da mutane, wannan gaskiya ne kuma ya isa dalilin ragewa, amma ɗauke wayar ba ya kawar da lalurar ga wanda ke da ita.

Duka da tsawa su ne mafi munin abin da za a yi. Kana hukunta shi kan ƙa'idar da ba ta taɓa bayyana gare shi ba, abin da zai koya kawai shi ne mutane na fushi ba gaira ba dalili.

A jikin babban mutum yaya take?

Babba ya riga ya haddace abubuwa da yawa. Ya san "ya ci amana" ba ta da alaƙa da tauna, ya san ana gaisawa kafin a shiga batu. Abin da ya rage shi ne wanda ba a iya haddacewa, wato abin da ke sauyawa daga minti zuwa minti.

Ɗauki ma'aikaci a ofis. Shugabarsa ta wuce ta gefen teburinsa ranar Litinin ta ce, "Da za a sami rahoton nan kafin Alhamis da na ji daɗi." Kowa a ɗakin ya ji umarni. Shi ya ji mace tana faɗin abin da zai faranta mata rai, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikin da ke gabansa. Ranar Alhamis aka kira shi, ya ce da zuciya ɗaya, "Ai ba ki ce in yi ba." Aka rubuta masa taurin kai. A taron ma'aikata kuma shi ne wanda zai gyara wa shugaba lissafi a gaban baƙi, ya yi mamakin yadda ɗakin ya yi tsit, alhali lissafin nasa daidai ne.

Ko kuma ya kai wa aboki ziyara. Mai gida ya duba agogo sau biyu, ya yi hamma, ya ce, "Dare ya yi fa." Ya amsa, "Eh, goma da kwata," ya ɗora daga inda ya tsaya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi fuskar ce ba ta ba shi labari da wuri.

Sauran abubuwan da manya ke faɗa da bakinsu: ana ce musu suna da gatsali ko ba su iya magana ba, su kuwa ba su san me suka yi ba, sun fi sakewa da saƙon rubutu a kan kiran waya, hirar mutum biyu tana yiwuwa amma ta mutum shida takan gagare su. Wannan na ƙarshe yana da dalili. Binciken da aka yi kan harsuna goma daga sassan duniya, aka buga a 2009, ya nuna matsakaicin tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hira kusan kashi ɗaya bisa biyar na sakan ne kawai. Kafin mai magana ya dire, mai amsa ya riga ya hango ƙarshen jimlar ya shirya tasa. Wanda sai ya tsaya ya auna kowace alama, ko dai ya faɗo da wuri ya katse, ko ya makara har batu ya wuce. Shi ya sa yake komawa gida daga taro a gajiye kamar wanda ya yi dako.

Tana iya kama mutum da girmansa?

A'a. Ana iya gano ta a shekara arba'in, amma tushenta na ƙuruciya. Idan mutum ya rayu yana hulɗa lafiya sannan ya sauya, ya daina gane ba'a, ya fara faɗin abin da bai dace ba, wannan wani abu ne daban: buguwar kai a haɗari, shanyewar ɓarin jiki musamman idan ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, ko nau'in cutar mantuwa da ke fara lalata ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ta sauya hali kafin ta taɓa tunawa. Irin wannan sauyi na bukatar likita ba tare da jinkiri ba, in kuma farat ɗaya ya zo, to asibiti a take.

Wa ke tabbatar da ita, kuma me ake yi a wurin gwajin?

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. Aikin lura ne da tambaya, kuma ya fi kyau idan mutum fiye da ɗaya suka yi shi: ƙwararren magana da harshe, masanin halayyar ɗan Adam, da likitan yara ko na ƙwaƙwalwa.

Ana fara da ji, domin yaron da kunnensa ke toshewa yana rasa rabin hira. Sai a auna kalmomi da nahawu da basira gaba ɗaya, a ga ko matsalar hulɗar ta zarce abin da waɗannan za su bayyana. Sai binciken otizim. Sannan a ba iyaye ko malami takardar tambayoyi. Wadda ta fi shahara ita ce CCC-2, da Farfesa Dorothy Bishop ta Jami'ar Okusfod ta fitar a 2003, mai tambayoyi 70, don yara daga shekara 4 zuwa 16.

Ra'ayina a nan: kada a yarda da hukuncin da aka yanke daga zama ɗaya a ɗaki shiru. Irin waɗannan yara gwanaye ne a gaban babba guda mai haƙuri da ke nuna hoto yana tambaya. Ka nuna masa zanen yaro na kuka ka ce me ya kamata a yi, zai ba ka amsar da za ka tafa masa. Gobe abokinsa ya yi kuka a gabansa, ya ci gaba da bayanin jirgin sama. Dole a gan shi cikin sa'o'insa, ko aƙalla a saurari waɗanda ke ganinsa kullum.

'Yata ba ta kallon idon manya. Alama ce?

Ita kaɗai ba alama ba ce. Al'ummomi sun bambanta kan kallon ido, nisan tsayuwa, da ko yaro zai fara yi wa babba magana. Ma'aunin shi ne yaran da suka tashi a gida da harshe irin nata. Idan da ƙawayenta tana hira tana gane zolaya, ladabi ne kawai. Mai gwajin da bai san harshen yarinya da yanayin tasowarta ba yana iya ganin lalura inda babu, ko ya kasa ganinta inda take.

Akwai magani?

Babu ƙwaya ko allura da ke gyara ta. Ana iya ba da magani don abin da ya zo tare da ita, kamar ADHD ko matsananciyar damuwa. Ita kanta koyarwa take so: abin da sauran yara ke tsinta a iska ba tare da an koya musu ba, shi sai an warware masa dalla-dalla, an gwada, an maimaita a wurare daban-daban.

Gwaji mafi shahara a wannan fanni shi ne wanda Catherine Adams da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Manchesta ta Ingila, aka buga a 2012. Yara 88 ne 'yan firamare, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya ya sami horo na musamman har zama ashirin, ɗayan ya ci gaba da kulawar da ya saba samu. A gwajin nahawu da kalmomi ba a ga bambanci ba. Amma a ingancin hira, wanda masu aunawar da ba su san wa ya sami horon ba suka duba, da kuma a rahoton iyaye da malamai, waɗanda aka horar sun fi ci gaba. Wato ana samun sauƙi, a hankali, kuma a inda ake buƙatarsa. Duk wanda ya yi muku alƙawarin warkewa cikin wata ɗaya, kuɗinku yake so.

Dabarun da ƙwararru ke amfani da su sun haɗa da wasan kwaikwayo na yanayi guda, kallon bidiyo a tsayar a tambayi me wannan ke ji kuma ta yaya ka sani, ƙananan rukunoni da sa'o'i, da gajerun labarai masu bayyana abin da ke faruwa a wani yanayi da dalilinsa, dabarar da malama Carol Gray ta ɓullo da ita a Amurka a farkon shekarun 1990.

A gida me za mu iya yi?

Ku faɗi abin da kuke nufi. Maimakon "Kai ba ka ga mutane ba ne?", ku ce, "Idan ka shigo ka tarar da mutane, ka gaishe su kafin ka gaya mini abin da ya kawo ka." Maimakon harara, kalma. Kuma a ba shi dalili, domin ƙa'idar da ya san dalilinta ita yake iya ɗauka zuwa wani wuri: "Ba na makarantarku, ban ga abin da ya faru ba. Fara gaya mini su waye, a ina, sannan me ya faru."

Kada ku daina karin magana da barkwanci a gabansa. Ku yi, ku fassara, ku yi dariya tare. Ku riƙa bayyana abin da ke ranku a fili: "Ka ga na yi shiru na haɗe gira? Na gaji ne, ba fushi nake da kai ba." Gyara kuma a keɓe, bayan abin ya wuce, ɗaya a lokaci guda. Yaron da ake gyara wa kowace jimla yakan daina magana ne gaba ɗaya. Aboki ɗaya a gida, da wasa mai tsari na awa guda, ya fi masa amfani a kan a jefa shi cikin yara ashirin a ce ya saba.

Ni malami ne, ina da irinsa a aji.

Ka kira sunansa kafin ka ba da umarni, domin "kowa ya buɗe littafi" ba lallai ya ji da shi ake ba. Umarnin ya zama gajere, a rubuce in da hali. A aikin rukuni ka ba shi takamaiman abin da zai yi. Ka guji gatse a kansa a gaban aji. Sannan ka leƙa filin wasa lokacin tara, domin a can ne ake cin zalinsa, kuma sau da yawa ba zai iya ba ka labarin yadda za ka gane ba.

Mijina ne nake zargi. Shekara tara ina masa shaguɓe ba ya ganewa.

Ba za a iya yanke hukunci daga nesa ba, kuma akwai mazan da ke ganewa sarai su yi kunnen uwar shegu. Ki gwada wannan: ki faɗi buƙatarki a fili, ba zagaye, "Ina so ka zauna da ni minti ashirin ka saurare ni, ba shawara nake nema ba." Idan ya yi da gaske, har ya ji sauƙi da aka gaya masa, to da ma ba ƙi yake ba. Ki lura kuma ko haka yake da abokan aikinsa da 'yan'uwansa, ki tambayi mahaifiyarsa yadda yake yana yaro. Nauyin bai kamata ya zama naki ke kaɗai ba: shi ma zai iya koyon tambaya, "Kina nufin in yi wani abu ne, ko labari kike ba ni?"

Zai girma ya rabu da ita?

Wasu suna samun ci gaba mai yawa har da wuya baƙo ya lura, wasu kuma suna tafiya da ita har girma. Da yawa suna karatu mai zurfi, su yi aure, su riƙe aiki, musamman aikin da ƙa'idojinsa suke a bayyane. Abin da ya fi barin tabo ba lalurar kanta ba ce, shekarun da aka kwashe ana kiran mutum mara kunya ko wawa ne.

Me ya sa wani likita ya ce wannan suna, wani ya ce wani?

Domin masana kansu ba su gama daidaitawa ba. Tun 1983 Isabelle Rapin da Doris Allen a Amurka suka bayyana yara masu zuba zance amma ba sa kama ma'ana da muhallin magana. Daga baya Dorothy Bishop ta ba abin wani suna da ke jaddada raunin amfani da harshe. DSM-5 ya zo da nasa a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a kundinta ICD-11 da ya fara aiki a Janairun 2022, ta sa shi a ƙarƙashin lalurar haɓakar harshe, a matsayin nau'in da ya fi shafar amfani da magana. Wasu masu bincike na ganin gefen otizim ne mai sauƙi, wasu na ganin abu ne mai zaman kansa. Ga iyaye, muhimmancin sunan shi ne ƙofar da yake buɗewa: a wasu ƙasashe tallafin makaranta ya fi samuwa da sunan otizim. Idan kuna ganin an tsallake tarihin ƙuruciya, kuna da damar neman wani ƙwararre ya sake dubawa.

Me zan tanada kafin ranar ganin likita?

Ki ɗauki mako biyu kina rubuta misalai yadda suka faru: wa ya ce me, me yaron ya amsa, a ina. "Ba ya jin magana" ba ta taimaka wa likita. "Na ce kama bakinka, ya riƙe leɓensa" tana taimakawa. Ki ɗauki gajeren bidiyo yana wasa da wani yaro ba tare da ya san ana ɗauka ba. Ki tuna shekarun da ya fara nuni da yatsa, kalmar farko, jimlar farko, da duk wata ɗabi'a da yake maimaitawa da ya daina. Ki karɓo rubutaccen bayani daga malaminsa, da sakamakon gwajin ji idan an taɓa yi. Babban mutum kuma ya nemi tsofaffin takardun sakamakon firamare, inda malamai kan rubuta ra'ayinsu a ƙasa, ya tafi da uwa, yaya ko wani da ya san shi tun yana ƙarami.